Amedeo Avogadro: Lauyan da ya koya wa duniya ƙirga abin da ido ba ya gani

Duk malamin da ya taɓa makin takardun kemistiri ya san wannan kuskuren. A tambayi ɗalibi mol nawa ne a cikin giram 71 na iskar kulorin, sai ya leƙa jadawalin sinadarai, ya ga 35.5 a gaban Cl, ya raba 71 da 35.5, ya rubuta 2, har ya ja layi biyu a ƙasa don jin daɗi. Amsar kuwa 1 ce. Dalili shi ne iskar kulorin ba ta yawo ƙwaya ɗaya-ɗaya, bibbiyu take tafiya, shi ya sa ake rubuta ta Cl₂.

Kafin a yi wa yaron faɗa, ya kamata a san cewa manyan masanan Turai sun shafe kusan shekara 50 suna tafka irin wannan kuskure, alhali wani malamin kwaleji a arewacin Italiya ya riga ya rubuta musu gyaran tun 1811. Sunansa Amedeo Avogadro. Ya mutu ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba, amma yau da wuya ka buɗe littafin kemistiri na sakandare ba ka ci karo da sunansa ba.

Ɗan gidan shari'a

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1776, a birnin Turin, hedkwatar yankin Piedmont, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Masarautar Sardiniya. Italiya ba ta zama dunƙulalliyar ƙasa ba tukuna. Cikakken sunansa Lorenzo Romano Amedeo Carlo Avogadro, kuma gidansu gidan sarauta ne mai alaƙa da garuruwan Quaregna da Cerreto. Mahaifinsa, Filippo, babban alƙali ne kuma sanata. Shari'a gadonsu ce kaka da kakanni, har ma sunan gidan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin lauya.

To, ɗan irin wannan gida ba a tambayarsa me zai karanta. Ya shiga fannin shari'a da wuri, kuma a 1796, yana ɗan shekara 20, ya samu digirin dakta a dokokin coci. Ya fara aikin lauya, har ya yi aiki a ofishin da ke tsaya wa talakawa marasa halin ɗaukar lauya. A 1801 aka ba shi muƙamin sakatare a gwamnatin lardi, lokacin da Faransawa ke riƙe da yankin bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon.

Sai dai zuciyarsa na wani wuri. A shekarar 1800 wani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya ƙirƙiro batir na farko, labarin ya karaɗe Turai. Tun daga wajejen wannan lokaci Avogadro ya duƙufa karatun lissafi da fiziks, yana haɗawa da aikin ofis. A 1803 shi da ɗan'uwansa Felice suka miƙa rubutu kan wutar lantarki ga Majalisar Masana Kimiyya ta Turin. Daga ƙarshe dai ya ajiye rigar lauya ya rungumi allo. A 1809 aka naɗa shi malamin fiziks da lissafi a kwalejin Vercelli, wani gari mai gonakin shinkafa tsakanin Turin da Milan. A nan ya yi aikin da ya sa ake tunawa da shi.

Rigimar da ya tarar

A wancan lokaci akwai maganganu biyu da suka ƙi zama inuwa ɗaya. Ta farko ta John Dalton ce, malami a birnin Manchesta na Ingila, wanda a littafinsa na 1808 ya bayyana cewa kowane sinadari an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ba sa rabuwa, wato ƙwayoyin zarra, kuma kowane iri da nauyinsa. Matsalar ita ce Dalton ba shi da hanyar sanin ƙwaya nawa ke haɗuwa da nawa. Sai ya ɗauki mafi sauƙi: ya ce ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya. Da wannan zato ya lissafa cewa oksijin ya ninka haidirojin nauyi sau 7.

Ta biyu ta Bafaranshe Joseph Gay-Lussac ce. A ƙarshen 1808 ya nuna cewa idan iskar gas iri biyu za su haɗu, awonsu yana bin lissafi mai tsabta. Awo biyu na haidirojin da awo ɗaya na oksijin suna ba da awo biyu na tururin ruwa. Awo uku na haidirojin da ɗaya na naitirojin suna ba da awo biyu na amoniya. Dalton bai gamsu ba. In dai kowane awo yana ɗauke da adadin ƙwayoyi iri ɗaya, ta yaya awo ɗaya na oksijin zai wadaci awo biyu na tururi? Sai dai in ƙwayar oksijin ta rabe biyu, shi kuwa ya riga ya ce ba ta rabuwa.

Abin da ya rubuta a 1811

A watan Yulin 1811 wata mujallar kimiyya ta Paris, Journal de Physique, ta buga rubutun Avogadro da Faransanci. Abubuwa biyu ya kawo.

Na farko: idan ka ɗauki awo ɗaya na kowace irin iskar gas, matuƙar zafi da matsi iri ɗaya ne, adadin ƙwayoyin da ke ciki ɗaya ne. Wannan magana ta saɓa wa abin da muka saba gani a kasuwa. Mudun gero da mudun wake ai ba su zo ɗaya a yawan ƙwayoyi ba, domin ƙwayoyin a cunkushe suke, girman kowace shi ke yanke yawan da mudu zai ci. Amma a iskar gas ƙwayoyin sun yi nesa da juna sosai, yawancin wurin fili ne kawai. Don haka girman ƙwaya ba ya shiga lissafi.

Na biyu, kuma shi ne mabuɗin: ƙwayar da ke yawo a cikin iskar oksijin ko haidirojin ba zarra guda ba ce. Ƙulli ne na zarra biyu, abin da muke kira molekul yanzu, kuma ƙullin yana iya kwancewa lokacin haɗuwa ba tare da an fasa zarrar kanta ba. Da wannan, maganar Dalton da ta Gay-Lussac suka daidaita.

Kulorin ya fi kowane misali fito da abin fili. Wani mai haɗa magunguna ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara samar da wannan iska mai shaƙe numfashi a 1774, amma an daɗe ana zaton akwai oksijin a cikinta. Sai a 1810 Humphry Davy na Ingila ya tabbatar da cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin kore mai ratsin ɗorawa. Avogadro ya goyi bayan Davy a rubutunsa, a lokacin da da yawa ba su yarda ba tukuna. To, duba lissafin: awo ɗaya na haidirojin da awo ɗaya na kulorin suna ba da awo biyu na iskar haidirojin kulorayid. Ka ɗauka kowane awo ƙwaya 100 ne. Ga 100 na haidirojin, ga 100 na kulorin, an samu 200 na sabon abu, kuma kowace ɗaya cikin 200 ɗin tana da kulorin a jikinta. Ta ina 100 za su wadaci 200? Dole kowace ƙwayar kulorin ta zo da zarra biyu, ta ba wannan ɗaya ta ba wancan ɗaya. Asalin ƙaramar 2 ɗin nan da ke gindin Cl₂ ke nan.

Daga nan hanyar awo ta buɗe. Tunda adadin ƙwayoyi ɗaya ne a awo ɗaya, in ka auna nauyin awon oksijin da na haidirojin ka raba, ka samu yadda ƙwayar wannan ta ninka ta wancan. Avogadro ya yi haka ya samu kusan 15. Yau mun san 16 ne, amma ka ga ya fi 7 ɗin Dalton kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Ya kuma nuna cewa a ruwa haidirojin biyu ne ke bin oksijin ɗaya, wato abin da kowane yaro ke rerawa yau, H₂O.

Me ya sa aka yi biris da shi?

Dalilan suna da yawa, kuma wasu daga gare shi suke. Rubutunsa yana da wuyar bi. Kalmar molekul guda ɗaya ya yi amfani da ita ga zarra da kuma ƙullin zarra, yana bambanta su da ƙarin siffa kawai, mai karatu ya rasa wacce ake nufi. Sannan shi mutumin alƙalami da lissafi ne, yawancin alƙaluman da ya yi aiki da su daga gwaje-gwajen wasu ya ɗauko, masanan kemistiri na zamanin kuwa sun fi girmama wanda ya ƙona yatsunsa a ɗakin gwaji. Ga shi kuma ba mai tafiye-tafiye ba ne. Harkar kimiyya a lokacin tana Paris da Landan da Stockholm, shi kuwa yana Piedmont abinsa. Ko da André-Marie Ampère ya kawo irin wannan ra'ayi a 1814, sai Faransawa suka riƙa jingina shi ga nasu.

Babban shingen dai shi ne Jöns Jacob Berzelius na Suwidin, wanda maganarsa ta fi ta kowa nauyi a kemistirin wancan zamani. A fahimtarsa, abin da ke riƙe zarra biyu tare shi ne cajin lantarki masu kishiyantar juna. Zarra biyu iri ɗaya cajinsu ɗaya, don haka ture juna za su yi. A wannan tsari, Cl₂ ko H₂ abu ne da ba zai yiwu ba. Daga baya Jean-Baptiste Dumas na Faransa ya gwada hanyar a kan tururin zaiba da farar wuta da fosfaras, sakamakon ya fito a hargitse. Yau mun san dalili: ƙwayar tururin zaiba zarra ɗaya ce tak, ta fosfaras kuwa huɗu ce. Amma a lokacin sai aka ɗauka ra'ayin ne ba shi da tushe.

Kujerar da aka ba shi aka karɓe

A 1820 Jami'ar Turin ta buɗe kujerar farfesan fiziks na lissafi, aka ba Avogadro. Bai daɗe a kai ba. A watan Maris na 1821 aka yi bore a Piedmont, sojoji da ɗalibai suna neman a kafa tsarin mulki da zai rage ikon sarki. Aka murƙushe boren da taimakon sojojin Ostiriya, hukuma ta sa wa jami'a ido, kuma a 1822 aka soke kujerar tasa. Ya koma aikin gwamnati, yana ci gaba da bincikensa a gida. Da aka farfaɗo da kujerar bayan kimanin shekara goma, masanin lissafin nan na Faransa Augustin Cauchy aka fara ba. Sai bayan tafiyar Cauchy ta dawo hannun Avogadro, ya riƙe ta har ya yi ritaya a 1850.

A tsakanin 1837 da 1841 ya wallafa littafin fiziks mai mujalladi huɗu. Ya zauna a kwamitocin gwamnati na ƙididdiga da na ilimi da na awo da sikeli, yana cikin waɗanda suka yi aikin shigo da tsarin mita da kilo a Piedmont. Ya auri Felicita Mazzé, 'yar garin Biella, suka haifi 'ya'ya da dama. An san shi da sauƙin kai da gudun neman suna. Ya mutu a Turin ranar 9 ga Yuli, 1856, saura wata ɗaya ya cika shekara 80, aka binne shi a Quaregna. A lokacin, in ka fita daga Italiya, kaɗan ne suka damu da rubutun nan na 1811.

Shekara huɗu bayan mutuwarsa

Rashin sauraronsa ya jawo wa fannin asara. Zuwa wajejen 1860 kowane masani da nasa jadawalin nauyi. Wani ya ce oksijin 8 ne, wani ya ce 16. August Kekulé ya jera a littafinsa hanyoyi 19 daban-daban da ake rubuta sinadarin tsamin ruwan khal, abu ɗaya tak. Abin ya kai masana ba sa iya karanta aikin juna.

Saboda haka aka kira taron masanan kemistiri na ƙasa da ƙasa na farko a garin Karlsruhe na Jamus a watan Satumban 1860, mutum wajen 140 suka halarta. Cikinsu akwai Stanislao Cannizzaro, ɗan tsibirin Sisili mai shekara 34, malami a Jami'ar Genoa. Shi ma matsalar aji ce ta kai shi ga Avogadro: yana neman hanyar da zai koyar da ɗalibansa ba tare da ya rikita su ba, sai ya ga in aka bi ra'ayin nan sau da ƙafa, duk lissafin yana zama daram. A 1858 ya rubuta taƙaitaccen tsarin darasinsa a kan haka. An tashi taron ba a cimma matsaya ba, amma a ƙarshe wani abokinsa, Angelo Pavesi, ya rarraba kofen wannan ɗan littafi. Lothar Meyer na Jamus ya karanta shi a hanyar komawa gida, ya gamsu. Dmitri Mendeleev na Rasha ma yana wurin, kuma ingantattun nauye-nauyen da wannan hanya ta samar suna cikin abin da ya dogara da shi wajen tsara jadawalin sinadarai a 1869, wanda ke rataye a ajujuwa har gobe.

Lambar da bai taɓa gani ba

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne Avogadro bai san lambar da ake kira da sunansa ba. Ya ce adadin ɗaya ne, amma ba shi da hanyar sanin nawa ne. Josef Loschmidt na Biyana ne ya fara kimanta girman ƙwayoyin iska a 1865. Kalmar mol ta fito daga Wilhelm Ostwald na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. A 1909 Jean Perrin na Faransa, wanda ya auna lambar ta hanyar gwaji, ya ba da shawarar a sa mata sunan Avogadro. A 1971 mol ya shiga cikin ma'aunan asali na duniya, sannan daga 20 ga Mayu, 2019 aka tsayar da lambar cak: 6.02214076 × 10²³.

Mol dai ba wani abin tsoro ba ne, sunan adadi ne. Mai sayar da goro in ya ce ƙwarya, ka san 100 yake nufi. Mai ƙwai in ya ce dozin, 12 ne. Mai kemistiri in ya ce mol, yana nufin 6 da lambobi 23 a bayanta. Giram 18 na ruwa, abin da bai wuce kurɓi ɗaya ba, mol guda ne. Da za a tara mutum biliyan 8 kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun haura shekara miliyan 2 kafin su gama da wannan kurɓin. Tunda ƙirgawa ba za ta yiwu ba, sai a auna a sikeli, nauyin ya faɗa maka adadin.

Mu koma kan kulorin

Mol ɗaya na zarrar kulorin, Cl, nauyinsa giram 35.5 ne, ko 35.45 in ana son ƙarin daidaito. Mol ɗaya na iskar kulorin, Cl₂, ninki biyu ne, giram 71. Ƙa'idar guda ce: raba nauyin da ke hannunka da nauyin mol ɗaya. In an ba ka giram 14.2 na iskar kulorin, 14.2 a raba da 71 ya ba da mol 0.2. Kana son adadin molekul? Ninka 0.2 da 6.022 × 10²³, ka samu kusan 1.204 × 10²³. In zarra aka tambaya, ka sake ninkawa biyu. Kana son sanin wurin da za ta ci? A zafin digiri 0 na Salshiyos da matsin iska na yau da kullum, mol ɗaya na iskar gas yana cin kusan lita 22.4, don haka mol 0.2 lita 4.48 ne. Wannan 22.4 da ke aiki ga kulorin da oksijin da haidirojin baki ɗaya, ra'ayin 1811 ne aka sa masa lamba.

Gwada da gishirin miya. Sodiyam 23 ne, kulorin 35.5, don haka mol ɗaya na NaCl giram 58.5 ne. A nan 35.5 ake ɗauka, domin zarrar kulorin ɗaya ce a cikin gishirin. Amma in daga iskar za a haɗa shi, giram 71 na Cl₂ yana buƙatar giram 46 na sodiyam, a samu giram 117, wato mol biyu na gishiri. Lissafin ya rufe, ba abin da ya ɓace. Bambancin 35.5 da 71 kuma bai tsaya a takardar jarrabawa ba. Kulorin ne ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwan famfo, kuma duk mai lissafin sinadari da ya musanya lambobin nan biyu, ko dai ya zuba rabin abin da ake buƙata ko ya zuba ninki.

Saura tambaya ɗaya da ɗalibai masu kaifin basira kan yi: me ya sa 35 da rabi, akwai rabin zarra ne? Wannan ya dami masana fiye da shekara ɗari. A 1815 William Prout na Ingila ya yi hasashen cewa nauyin kowane sinadari cikakken ninki ne na haidirojin, amma kulorin ya ƙi bin layi, duk yadda aka sake awo sai rabin nan ya dawo. Francis Aston na Kambirij ne ya warware ta wajejen 1920, da na'urarsa mai tantance zarra bisa nauyi. Ashe kulorin iri biyu ne a gauraye, mai nauyin 35 da mai nauyin 37, kusan uku na farkon ga ɗaya na biyun. Haɗa 35 sau uku da 37 sau ɗaya, ka samu 142, raba da huɗu, ga 35.5. Matsakaici ne kawai, babu zarrar kulorin ko ɗaya mai wannan nauyin.

A 1911, shekara ɗari cif bayan rubutun Vercelli, masana daga ƙasashe daban-daban suka taru a Turin don karrama Avogadro, aka kafa masa abin tunawa a birnin. A lokacin ya shekara 55 a kabari. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar kemistiri bana kuwa, abin da ya rage masa shi ne kafin ya raba komai da komai, ya tsaya ya duba ko Cl aka rubuta masa ko Cl₂.